Ranar Da Na Yi Tallar Ƙaya: Tsokaci A Kan Taken Hoto A Shafukan Sada Zumunta

'Yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda suke irina, wato waɗanda ba su tashi da Hausa a gida ba, a kasuwa da cikin aji suka tsince ta. Kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, bari in fara da tona wa kaina asiri, tun da masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni Bayarabiya ce. Yayata tana da shagon atamfa da leshi da shadda a kusa da unguwar Sabo ta Ibadan, wadda Hausawa ke kira Badun, kuma fiye da rabin masu sayen kayanta matan Hausawa ne. Da na shiga aji biyu a wannan sashe namu, sai ta ce tun da na ƙi karatun lauya na zaɓi Hausa, to in zo in nuna mata amfanin kuɗin makarantar da take biya. Ta damƙa mini shafukan shagon na Facebook da Instagram, ta ce daga ranar ni ce mai rubuta 'yan kalmomin da ake sakawa a ƙarƙashin hoto. A lokacin ban daɗe da sanin haruffa masu ƙugiya ba, ina cikin ɗokinsu, har ina ganin duk kalmar da ba ta da ƙugiya ba ta cika Hausa ba. Ran nan aka sauke mana dila biyu ta atamfa daga Legas. Na ɗauki hoto mai kyau, na rubuta a ƙasansa: "Sababbin ƙaya sun iso, a zo a zaɓa."

Kafin la'asar, shafin da bai taɓa samun tsokaci goma ba ya haura ɗari biyu. Wani ya tambaya, "Ta aduwa ce ko ta bagaruwa?" Wata ta ce a ajiye mata dami biyu za ta yi shingen gona. Wani kuma ya ce shi ta kifi yake nema, in akwai a faɗa masa farashi. Yayata ba ta karanta Hausa, lamba kawai take gani tana hawa, sai murna take yi, har ta saya mini data ta wata guda tukuici. Ni ma ban gane ba, na ɗauka wasu irin atamfofi ne suke tambaya waɗanda ban san sunansu ba. Sai da dare wata ƙawata Bakatsiniya ta kira ni, ta kasa magana don dariya, da ƙyar ta iya gaya mini cewa ƙugiyar nan guda ɗaya ta mai da kayan shagonmu abin da ke soke ƙafa a daji. A duk wannan mako ko ɗankwali ba mu sayar ta dalilin wannan hoto ba.

Na kawo wannan labari ne saboda abin da nake yawan ji a bakin 'yan'uwa ɗalibai. Kusan kowa a cikinmu yana riƙe da wani shafi, ko na ƙungiya, ko na 'yar sana'arsa, ko na wani ɗan kasuwa da ke ba shi na kati a ƙarshen wata. Tambayar kowa kuma ɗaya ce: me zan rubuta jama'a su taru? Har akwai masu karɓar kuɗi su koyar da wannan, su ce ka rufe rubutunka da tambaya, ka zuba 'yan fuskokin nan masu dariya, ka umarci mai karatu ya danna ya tura. Ban ce duk ƙarya suke yi ba. Amma ni na taɓa tara mutum ɗari biyu a wuni guda, na kuma ga abin da taron ya haifar. A ra'ayina, yawan masu amsawa ba ya isa ya zama ma'aunin rubutu mai kyau. Abin dubawa shi ne wa ya amsa, me ya sa ya amsa, kuma in ka sake kiran sa gobe zai waiwayo? Ina kuma ganin cewa Hausa ta riga ta tanadi hanyoyin kiran mutane tun kafin a ƙera wayar farko, mu ne muka tsallake su muka tafi aro.

Mu fara da suna. Wasu na ce wa wannan ɗan rubutu bayanin hoto, wasu rubutun ƙasan hoto, wasu kuma su kira shi da sunansa na Turanci su wuce. Ni na fi son in ce taken hoto, kuma ina da dalili. Kalmar take tana nufin sunan da aka ba wa rubutu, amma a darasin adabin baka an koya mana wata ma'anar da ta girmi wannan. Take shi ne ɗan gajeren kiɗa ko 'yan kalmomin da makaɗi ya keɓe wa wani mutum ko wani rukuni, manoma da nasu, mahauta da nasu, mafarauta da 'yan dambe kowa da nasa. Idan aka kaɗa taken ɗan dambe a tsakiyar fage, mutum dubu za su ji da kunnensu, amma mutum ɗaya ne tsikar jikinsa za ta tashi ya miƙe tsaye, domin ya san da shi ake. Makaɗin da ya san aikinsa ba ya yi wa kowa da kowa kiɗa ɗaya. Ranar da Malam ya yi mana wannan bayani na zauna ina tunanin shafin yayata, sai na ga ashe duk rubutun da nake yi ba wanda nake kira. Ihu kawai nake yi a bakin kasuwa, "a zo a zaɓa", ba tare da na san wace mace ce nake so ta ajiye abin da take yi ta waiwayo ba.

Dubi sunan jaridar nan da ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, wato Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kalmomi huɗu ne kacal, amma sun gaya wa mai saye kuɗin jaridar, sun yi masa alkawarin abin da zai samu a ciki, sannan an gina su a kan tsarin karin magana yadda baki zai riƙe su. Haka rubutun bayan manyan motocin da ke sauke shanu da albasa a nan kudu. Direban ya san wanda ke bayansa daƙiƙa kaɗan yake da su, don haka ba ya wuce kalma uku ko huɗu, kuma za ka sauka daga mota abin yana yi maka yawo a ka. Waɗannan su ne kakannin taken hoto, kuma ba ɗayansu da ya roƙi kowa ya danna wani abu.

Wadda ta ƙarasa buɗe mini ido wata dattijuwa ce cikin tsofaffin abokan cinikin yayata, muna ce mata Hajiya. Jikanta ya karanta mata labarin ƙaya, ta zo shago takanas don ta ga mai wannan aika-aika. Bayan ta gama yi mini tsiya, na tambaye ta, "Hajiya, ke in kin ga hoton atamfa a waya, me kike so a gaya miki?" Ta ce, "'Yata, ai ba wani abu mai wuya ba ne. Nawa ne turmi? Tana zuba in an wanke? In na ce ina son ashirin iri ɗaya na anko, za a samu ko sai an haɗa mini da wata? Kuma in ba zan iya fitowa ba, akwai yaron da zai kawo mini?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, "Kuma ku riƙa yin sallama. Wanda ya faɗo mini gida ba sallama, ko zinariya ya kawo ba na tayawa."

Wannan magana ta sallama ta ba ni aiki fiye da yadda mai karatu zai zata. Manhajojin nan suna yanke dogon rubutu, layi biyu ko uku kawai suke nunawa, sauran sai mutum ya danna kafin ya gani, kuma mafi yawan mutane ba sa dannawa. Masu koyar da talla cewa suke yi kada ka ɓata layin farko da gaisuwa, ka faɗa kan kaya kai tsaye. To, amma Bahaushe ba ya buɗe magana da farashi. Idan kuma na bi gaisuwar yadda take, da ina kwana da ya gida da ya yara da ya ƙoƙari, kafin in iso kan atamfa an yanke ni. Abin da na tsaya a kai shi ne in haɗa sallama da kira a numfashi ɗaya. Ga irin abin da nake rubutawa yanzu: "Salamu alaikum iyayen amare. Wannan akwai ta har turmi talatin iri ɗaya, ba ta zuba, mun wanke ƙyallenta mun gani. Turmi naira 18,000, muna aikawa cikin gari." Tsokaci bakwai ko takwas irin wannan yake samu, wani lokaci ma uku. Amma cikin ukun nan akan sami mai cewa a ajiye mata goma sha biyu, kuma ta aiko da kuɗi kafin magariba. (Anko, ga 'yan aji ɗaya da ba su sani ba, shi ne abin da mu muke kira ashobi.)

Kada a ɗauka ina cewa take ya zama busasshen lissafin kaya da farashi. Bahaushe mutum ne mai son a ba shi gurbin da zai sa baki, kuma adabinsa cike yake da irin waɗannan gurabe. Mai tatsuniya ba ya farawa sai masu sauraro sun amsa masa. Mawaƙi yana da 'yan amshi. Kacici-kacici kuwa gaba ɗayansa gayyata ce. Wanda ya fi burge ni shi ne yadda ake faɗin rabin karin magana a bar wa mai sauraro ya ƙarasa. Na taɓa saka hoton wata shadda da ta daɗe ba ta shigo kasuwa ba, na rubuta, "Komai nisan jifa..." na tsaya nan, sannan na sa farashi a layi na biyu. Mutane suka yi ta ƙarasawa, wasu suka kawo nasu karin maganar, har gardama ta kaure tsakanin wasu mutum biyu a kan wace ce ta fi dacewa da hoton. Ba wanda na ce wa ya rubuta komai. Bakin Bahaushe ne ba ya iya barin karin magana a rataye.

Akwai kuma barkwanci. Sai da na shigo wannan sashe na san cewa Yarabawa da Gobirawa abokan wasa ne, ashe ina da wata dukiya da ban san da ita ba. Gab da wata ƙaramar Sallah na rubuta, "Gobirawa, ga shaddarku ta iso, amma ku kam sai kuɗi hannu, ba ma ba ku bashi." Abin da na sha a ranar sai wanda ya gani. Sun kira ni baiwarsu, sun ce shagon ma nasu ne aro suka ba mu, wata kuma ta ce za ta saya ne kawai don ta taimaka wa talakawanta, kuma ta saya. Sai dai wannan wasa yana da masu shi. Da Banufe ko Babarbare na yi wa wannan magana, da zagi ce tsagwaronta, domin ni ba abokiyar wasansu ba ce. Wanda bai san wa ke wasa da wa ba, gara ya bar wannan ƙofa a rufe.

Kwatanta waɗannan da irin taken da ake juyowa daga Turanci kalma da kalma. Tun da Google ta sa Hausa cikin manhajarta ta fassara a 2013, Facebook ma ya fito da tsarinsa na Hausa a 2016, rubutu da Hausa ya yi sauƙi a intanet, kuma wannan abin murna ne. Amma sauƙin ya zo da wata irin Hausa da ba a jin ta a bakin kowa. Za ka ga an rubuta "sauke tsokacinka a ƙasa", sai ka ce tsokaci buhun masara ne, ko "kada ka rasa waje", wanda har yau ban san wajen da ake nufi ba. Bahaushe cewa zai yi "me kuka gani?" ko "kowa ya faɗi albarkacin bakinsa". Mu da muka koyi Hausa da girma mun fi kowa faɗawa cikin wannan rami, domin sau da yawa da wani harshe muke tunani sannan mu juya. Maganin da na samu shi ne in karanta taken da ƙarfi, in tambayi kaina ko zan iya faɗa wa Hajiya haka ido da ido a shago. In ba zan iya ba, sai in goge.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damu na, wanda ba na dariya ba ne. Kowa ya san irin taken nan: "Kada ka wuce ba ka rubuta amin ba." "In kana son mahaifiyarka ka danna." "Tura wa mutum goma, za ka ji labari mai daɗi kafin gobe." Mafi muni shi ne wanda ake saka hoton wani ɗan fim ko malami, a rubuta innalillahi a layin farko, sai ka danna cikin faɗuwar gaba ka tarar wayarsa ce aka sace, ko ma tallar maganin basir ce. Wannan ba ciwon Hausa kaɗai ba ne, a shafukan Yarabanci ma haka ake yi, Musulmi da Kirista kowa da irin nasa. Amma da Hausa nake karatu, don haka a kanta zan yi magana.

Na san amsar da masu yin haka za su ba ni, domin wasunsu abokan karatuna ne, kuma ba mugayen mutane ba ne. Za su ce abin yana aiki, kuma gaskiya suka faɗa, yana aiki. Manhajojin suna ƙara nuna wa jama'a rubutun da aka fi taɓawa, don haka kowane amin da aka rubuta tamkar an ƙara wa wutar itace ne. Za su kuma ce data ba kyauta ake ba su ba, kuma tun 2024 da kamfanin Meta ya buɗe wa masu wallafa bidiyo a Nijeriya ƙofar samun kuɗin talla, yawan masu kallo ya zama abinci. Ɗalibin da ke neman kuɗin makaranta ba za ka gamsar da shi da zancen ladabin harshe kaɗai ba.

To, ko ta fuskar kasuwa ma lissafin ba daidai yake ba. Tun a watan Disamban 2017 kamfanin Facebook ya ba da sanarwar cewa zai riƙa rage yaɗuwar duk rubutun da ke roƙon a danna ko a tura ko a ambaci aboki don kawai a tara lamba, ya kuma ware masu neman taimako na gaskiya, kamar cigiyar yaron da ya ɓata. Amma a ajiye wannan, a ce injinsu bai kama ka ba. Mutanen da ka tara da amin ba kayanka suka zo gani ba, kamar dai yadda masu dariyar ƙaya ba atamfa ta kawo su ba. Ka tara mabiya dubu hamsin, ran da ka saka abin sayarwa ka ji tsit, domin ba su san ka da wannan ba.

Asarar da ta fi wannan girma kuwa kalmomin ne ke ɗauke da ita. Innalillahi kalma ce da Musulmi ke furtawa idan musiba ta auku, tana da nauyin da ke sa mai ji ya ajiye cokali. Idan aka yaudare ka da ita sau biyar, a na shida ba za ka tsaya ba, kuma mai yiwuwa a na shidan ne maƙwabcinka ya rasu da gaske. Amin kuma amsar addu'a ce tsakanin bawa da Ubangijinsa. Mai shafin da ya mai da ita abin ƙirga bai tambayi masu rubuta ta ba kafin ya sayar da yawansu ga masu talla. Ni baƙuwa ce a harshen nan, amma ko baƙo yana iya gane ana tatsar saniya ba a ba ta dusa.

Kuma abin ba ya tsayawa a kan talla. Ina yarinya a watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, mahaifiyarmu ta tashe mu da tsakar dare ta yi mana wanka da ruwan gishiri, ta ba mu muka kurɓa, saboda wani saƙo da ya zagaya ƙasar nan cikin dare ɗaya yana cewa a gaya wa duk wanda ake ƙauna. Mu mun tsira da ɗacin baki kawai, amma wasu sun kwanta asibiti, har an ruwaito mutuwa. Wannan saƙo, in da yawan turawa ake auna nasara, babu gwanin talla da ya taɓa rubuta kamarsa. Haka kuma a rikicin jihar Filato na watan Yunin 2018, binciken da BBC ta fitar a ƙarshen shekarar ya nuna yadda aka yi ta yaɗa hotunan gawawwaki a Facebook da rubutun da ke cewa ga abin da wata ƙabila ke yi wa wata, alhali ɗaya daga cikin bidiyoyin ma a ƙasar Kongo aka ɗauke shi tun 2012. Hoto ba ya faɗin inda aka ɗauke shi, ba ya faɗin rana, ba ya ambaton ƙabila. Duk wannan aikin 'yan kalmomin ƙasansa ne, wato irin aikin da ni da kai muke yi. Ba banza ba ne WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda a 2019.

Saura batun ƙa'idar rubutu, wanda na san wasu za su ce mai ƙaya ce za ta koya mana? Eh, ita ce, domin wanda maciji ya sara shi ya fi sanin tsoron igiya. Hujjar da aka fi kawowa ita ce shafin sada zumunta ba ɗakin jarrabawa ba ne, in dai an gane shi ke nan. Na yarda da rabin wannan. Ba ni da faɗa da kwastoma ko oda ko data, haka mutane ke faɗa a kasuwa, wanda ya tsaya neman musu wata kalma zai yi magana shi kaɗai. Na kuma san ƙugiya tana da tata matsalar, domin sau da yawa wanda ya nemi kalma a waya ba tare da ƙugiya ba ba ya samun wadda aka rubuta da ita, shi ya sa na shawarci yayata ta bar sunan shagon yadda yake, ba harafi mai ƙugiya a cikinsa. Amma "an gane" ɗin nan, wa ya gane? Bahaushen Kano ya gane, domin kunnensa yana cike masa abin da ido bai gani ba. Ni da ire-irena ba mu da wannan kunne. A shafukan nan muke koyon rabin Hausarmu, kuma abin da muka gani shi muke ɗauka. Na yi shekara guda cur ina rubuta "dashi" da "akan" da "tafi" a haɗe a ko'ina, saboda haka nake gani kullum, har sai da Malam ya zagaye mini "wannan tafi kyau" da jan biro ya rubuta a gefe, "Ina za ta tafi?" Masana sun zauna a Bamako a 1966, sun sake zama a Yamai a 1980, don a daidaita wannan rubutu tsakanin ƙasashe. A yau kuwa allon rubutun Hausa yana cikin kusan kowace waya, sai dai mutum bai kunna shi ba. Idan ɗan kasuwa ya rubuta "baki" yana nufin baƙi, ina yi masa uzuri. Ɗalibin sashen Hausa kuwa ban san uzurin da zan nema masa ba.

Kuma a lura, ana iya tara jama'a da yawa ba tare da an yaudari kowa ba. Ranar Hausa ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta a shafukan sada zumunta ta faro a 2015, daga ɗan jarida Abdulbaƙi Jari da abokansa, da wani ɗan gajeren maudu'i mai kalma biyu. Ba a yi wa kowa barazana da mahaifiyarsa ba. An kaɗa taken masu harshen ne, suka miƙe daga Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Sudan, kowa da karin maganarsa da hoton rigarsa, har abin ya sauko daga waya ya zama taro a fili.

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa wannan ra'ayi nawa ya ja mini ba. Kafin azumin da ya wuce, wani shago a layinmu ya saka hoton rumfarsa da rubutun "Innalillahi, asara ta same mu", in ka danna sai ka tarar wai farashi suka karya. Mutane suka yi caa a kansu. Yayata ta kira ni ta ce in rubuta mana irinsa. Na ce, "Anti, ki yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba." Ta ce ita ba ta tura ni jami'a don in dawo ina yi mata wa'azi a kan kasuwarta ba. Muka kwana biyu ba ma magana. A ƙarshe ta karɓe shafin Instagram ta ba wa yarinyar shagonta, ta bar mini na Facebook. A yanzu da nake wannan rubutu, mabiyan wancan shafi sun ninka nawa sau uku, kuma duk ran da na je shago sai an nuna mini.

Abin da na iya yi shi ne na sayi ƙaramin littafi na ajiye a kan teburin shago, duk wadda ta zo da oda daga waya a tambaye ta a wane shafi ta gani, a rubuta. Mun yi da yayata za mu buɗe shi bayan babbar Sallah. Ta ce in nata ya rinjaya, zan rubuta mata duk abin da ta ce ba musu. Ban amsa mata wannan sharaɗi ba tukuna, ita kuma ta ɗauka na amsa.

Hajiya kuwa ta aurar da jikarta a watan jiya, kuma a wurinmu ta ɗauki ankon, turmi ashirin da huɗu. Da ta zo biyan ragowar kuɗin ba ta tarar da ni ba, sai ta bar saƙo wurin yarinyar shago, ta ce a gaishe mata da mai ƙaya, kuma a gaya mata in sababbi sun iso ta sanar da ita da wuri.